Randar Wankin Hoto

A gidanmu akwai randa guda da ba a shan ruwanta. Ruwan sama ne nake tarewa daga indararo, amma ban da na farkon damina, wancan dauɗar kwano ce zalla. Maigidana ya ce ruwan rijiyarmu yana barin tabo a jikin hoto, shi ya sa tun ina amarya randar nan ta zama aikina.

Mai hoto ne a Gwarzo tun ana ɗauka da fim. Da waya ta kashe kasuwar sai ya koma gonarsa ta Kutama, amma bai rushe ɗakin wankin hoton ba. Yana da aboki, wani malamin makaranta Kirista da ya koyar a Kabo kafin ya koma garinsu a Filato. Ticha muke ce masa. Su biyun suna musayar hoto baƙi-da-fari ta gidan waya. Ba wasiƙa a ciki, ba ko gaisuwa. Hoto kawai, shi ma sai wanda aka wanke da hannu a gida. In ya iso maka, kai za ka mayar da naka.

Bara waccan ɓarin jikin Malam, maigidan nawa, ya shanye. Hoton Ticha ya iso, wata tsohuwa tana shanyar acca a kan dutse, ya kwanta ƙarƙashin matashin Malam har aka gama girbi. Na ce a buga wa Ticha waya a yi masa bayani, sai Malam ya juya fuskarsa bango. Abinci ma sai an yi da gaske. Na ga alama in musayar nan ta tsaya, shi ma ba zai ƙara kama kansa ba.

Allah ya sani na gaji a lokacin. A juya shi, a yi masa wanka, ga awaki, ga tuwo. Duk da haka wata rana da hantsi na rataya barguna a ƙofar ɗakin wankin, na jawo shi a kujera muka shiga. Na kunna jan ƙwan fitila da batir. Ya zaɓi wani tsohon fim, shanun ƙanensa suna shan ruwa a Masanawa. Takardar hoto kuwa 'yar kaɗan ta rage a kwali.

Shi ke faɗa da bakinsa mai nauyi, ni ke yi. Na farko ya fito baƙi ƙirin. Na biyu, da na ga ya fara duhu a cikin farantin magani sai na yi maza na tsame shi. Ashe jan haske ruɗi ne, a waje hoton fari fat, shanun kamar hayaƙi.

“Innar yara,” ya ce, “ba ƙosai ba ne. Bar shi ya sha.”

“To Malam, ai ban taɓa suyar shanu ba.”

Rabona da jin dariyarsa har na manta.

A takardar ƙarshe na danne zuciyata. Na riƙa girgiza farantin a hankali kamar mai lallashin jariri, har ƙahoni suka fito, har inuwarsu ta kwanta a kan ruwa. Na ɗauraye shi sai da randar ta kusa ƙarewa, na shanya a igiya. Da ya bushe sai ga shatin babban yatsana a gefe guda. Na ɗauko almakashi zan datse wurin, ya ce in bari, a aika haka.

Ni na rubuta adireshi da rubutuna na yaƙi da jahilci, na manna kan sarki, na kai gidan waya.

Amsa ba ta zo ba sai da damina ta kankama. Ambulan ɗin da nauyi. A ciki akwai hoto, da wani baƙin ƙunshi a liƙe, sabuwar takardar hoto ce cike. A bayan ambulan, ƙarƙashin sunan Malam, Ticha ya ƙara: “da uwargidansa”.

A ranar nan Malam ya shanye furarsa tas, har yana tambaya ko batir na da caji. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafafu, bayana yana ciwo, ina kallon ƙunshin nan da aikin da ke cikinsa. Hadari ya haɗo daga gabas. Na ɗan ƙara zama, sannan na tashi na jawo randar zuwa ƙarƙashin indararo.