Takunkumin Yaya Bawa

Duk wanda ya san Yaya Bawa na Rawayya ya san ba a taɓa masa hula. Ka zage shi, ka ci tuwonsa, ka hau jakinsa ba izini, duk zai yafe, amma hular nan ko matarsa ba ta isa ta kai ta wanki ba. Ya ɗinke wani ɗan aljihu a cikinta, nan yake ajiyar iri. In ya sha kankana sai ya tofa 'ya'yan a tafin hannu, ya goge a gefen riga, ya ɗaga hula ya zuba. Wasunku na nan ranar walimar auren da aka yi a Tsafe, da ya bi faranti faranti yana tsince 'ya'yan kankanar da baƙi suka tofar, har uwar amarya ta aiko masa da tuwo a ɓoye, tana zaton yunwa ce. Maganarsa ɗaya ce tun muna yara: wanda ya ci iri ya ci jikokinsa.

Ni ce autarsu, shi ne babba, mu biyu muka rage cikin tara. Na haifi goma, na je Makka, jikokina sun yi aure, amma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini Hajiya ba. Auta.

Shekarar korona ya zo Gusau a cire masa yanar ido, ya sauka wurina, gidan ɗana Kabiru da ke aikin asibiti. Kwana bakwai ya ce zai yi. Ana kwance masa bandeji aka ce an rufe gari, kowa ya zauna gida. Rawayya ba nisa, da ƙafa ma Yaya zai kai kafin azahar, shi ya sa Kabiru ya sayo kwaɗo ya datse ƙofa. Ya ce ciwon nan tsofaffi yake ɗauka, yana gani da idonsa, kuma ba zai saki kawunsa mai tari ya bi kasuwa yana gaisawa da duniya ba. Kwana uku Yaya yana zagaya tsakar gida kamar kura a rami, yana cewa ko Bature bai ɗaure shi ba sai ɗan da ya yi wa huɗuba.

Rana ta huɗu na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, hula a cinya, kai a waje. Na fi shekara arba'in ban ga sanƙonsa ba. Ya zazzage aljihun a kan faifai, ya ware wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe gefe, ya ce in duba.

Guron Inna ne. Kuɓewa, in ji mutanen Kano. Ja ne, dogo kamar ɗan yatsan tsakiya har da rabi, yauƙinsa kuwa sai ka yanke da hannu. Mahaifiyarmu ta zo da shi daga 'Yankuzo ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ta, kuma babu mai irinsa sai gidanmu. Ashe wanda Yaya ya rataye a rumbu don iri, sabuwar matar jikansa ta gani ta ce busasshen guro ne, ta daka ta kaɗa miya. Har da shi aka sha, yana yabawa. Abin da ya saura duniya shi ne na cikin hula, ƙwaya goma sha bakwai, su ma sun kwana biyu. Ya ce in ba su shiga ƙasa a bazarar nan ba, ba ya jin za su ƙara tashi, ga shi ba wanda ya san ranar buɗe ƙofa.

Na ce to ai sai ya shuka a kan sanƙonsa, tunda Kabiru ya shafe gidan nan da siminti tun daga zaure har bayan ɗaki, ko tsinke ba shi da wurin tsayawa.

Ya kwashe ƙwayoyinsa ya miƙe. Da na idar da sallar walaha na fito, na ga ya jera buhunan siminti biyar, da tsohuwar tayar mota, da bokitin da gindinsa ya fita. Ya kwaso yashin da magina suka bari, ya gauraya da takin turken akuyata Kyalla. A ƙarshen layi kuma ga fantekata. Fantekar kayan ɗakina, mai zanen furanni, wadda ko amaryar Kabiru ban yarda ta zuba fura a ciki ba. Ya huda mata gindi da ƙusa wuri uku.

Na ce, "Yaya, fantekar aurena?"

Ya ce, "Auren ya mutu tun da Malam ya rasu. Shekara ashirin tana bisa kabad ba ta haihi komi ba."

Kwana biyu ban yi masa magana ba, sai dai in aje masa abinci in juya.

Sai maganar ruwa. Bazara ce, famfo ya ƙafe, sai 'yan garuwa, su ma a ɓoye suke turo kura. Kabiru kuma ya kafa bokiti mai famfo a bakin zaure, ya ce ko tsakar gida mutum ya zagaya ya wanke hannu. Yaya yana kallon ruwan nan yana bin kwata kamar jininsa ne ke zuba. Na sabulu ya ce ba ya so, zai ƙona masa saiwa. Sai ya kafa doka: duk mai alwala a gidan nan, bisa guro zai yi. Ya ba kowa buhunsa. Hafsatu matar Kabiru tana da na biyu, ni ya ba ni fanteka, wai in huce. Shi kuwa, mutumin da kan riƙe alwalar asuba har azahar don kada ya ɓata ruwa, sai ga shi yana sabuntawa sau goma a wuni. Hafsatu ta kira mijinta gefe ta ce a auna Kawu, ko ciwon suga ne. Da Kabiru ya tambaye shi, ya ce lafiyarsa lau, lada biyu yake nema, ta sama da ta ƙasa.

Abu ɗaya rediyo ya faɗa da Yaya ya yarda da shi, wato a ba da tazara. Ya ce sai yanzu gwamnati ta samu manomi a cikinta, don ko gero in ya cunkushe ba ya yin zangarniya. Ya ja buhunansa ya raba su kamu bibbiyu. Amma ranar da Kabiru ya shigo da wasu 'yan ƙyallaye shuɗɗa masu igiya, ya ce kowa ya ɗaura in za a yi baƙo ko in shi ya dawo daga aiki, nan aka ɓata. Yaya ya juya abin gaba da baya, ya tambayi sunansa. Kabiru ya ce takunkumi.

"Mi ka ce?"

"Takunkumi, Kawu."

"Mu can jaki da raƙumi aka sa ma takunkumi, sai ko ɗan maraƙi in an yaye shi. Wane ɗaya ni ke cikinsu?"

Kabiru ya yi bayani har ya gaji. Yaya ya karɓi nasa guda biyar, don ba ya mayar da kyauta, ya tura ƙarƙashin tabarma.

Cikin goma sha bakwai, tara suka fito. Azumi ya kama suna da ganye huɗu huɗu. Wallahi gidan nan ya yi daɗi a kwanakin. Ba fita, ba biki, ba gaisuwar mutuwa, sai mu zauna da la'asar a inuwar katanga, Hafsatu na tankaɗe, ni ina gyaran zogale, shi yana zagaya buhuna yana yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya. Rabona da zama da ɗan'uwana wuni guda cur tun kafin a kai ni ɗaki. A nan na ji labaran Inna da ban taɓa ji ba, har da yadda ta taɓa korar mai karɓar haraji da muciya.

Abin da ya biyo baya laifina ne, yau dai na faɗa. Na dubi Kyalla a turke, na ce ita ma baiwar Allah kulle ya ishe ta, bari ta miƙe ƙafa. Na kwance ta na shiga ɗaki, azumi ya kwashe ni da barci. Da na fito, buhu biyar, taya da bokiti, duk ta aske su tas. Guda ɗaya ya tsira, na cikin fanteka, don ni da kaina na ɗora ta bisa turmi saboda kada a bugar mini da fenti.

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Yaya ya fito ya tsaya ya duba, ya juya ya koma ɗaki. Aka kira magariba, ya kurɓi ruwa, ya ture kunu. Na matsa kusa na ce ya yi haƙuri, guro ne fa, ba mutum ba.

Ya ce, "Auta, abin da Inna ta taɓa da hannunta, daga ni sai ke sai wanga. Mu biyu kuwa mun kusa."

Ni ma kunun bai shiga ba.

Washegari da hantsi na ji Hafsatu tana dariya har tana riƙe bango. Na leƙo, sai ga Kyalla tsaye a turke da shuɗin takunkumi a baki, an zarga igiyar ta bayan ƙahoni, tana kallonmu kamar malamar asibiti. Daidai nan Kabiru ya buɗe ƙofa ya shigo. Ya tsaya da jaka a hannu, ya ce Kawu wannan fa na mutane ne.

Yaya ya ce, "Na dai mayar ma mai shi. Duk gidan ga ita ɗai ta bakinta ka kashe mutane."

Kafin azahar ta cinye shi, har igiyar. Ya ɗaura na biyu, ta cinye. Da ta ci na huɗu sai ya zauna ya warware buhu, ya tufka igiya, ya saƙa mata takunkumi na gaskiya irin na jakai, wanda ko harshe ba ta iya fitarwa. Na biyar ɗin ya mayar ƙarƙashin tabarma, ya ce ba zai ƙare dukiyarsa a kan akuya ba.

Guron fanteka kuwa ya tashi kamar ya san shi kaɗai ne. Alwalar gida duka ta koma kansa. Ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya yi fure ruwan ƙwai mai jan ciki, ana jibi sallah sai ga 'ya'ya ja sun tsaya kamar ƙahoni. Ni kuma duk dangi sun sani, ba a taɓa raina miyata ba, kuma rabona da guron Inna ɗanye na manta. Na roƙe shi biyu kacal, na tuwon sallah. Ya ce ko ɗaya, na iri ne. Ya jawo tabarmarsa gindin turmi, nan yake wuni.

Ranar sallah sai na jira ya kabbarta sallar la'asar. Na lallaɓo da 'yar wuƙata. Ina kama na farko na ji ya ɗaga murya a karatu, sallar da ake yi a ɓoye. Ina yanke na biyu ya yi gyaran murya har sau uku. Amma sallah ba a yanke ta don guro, kafin ya sallame na shige madafa.

Na ƙara da na kasuwa don ya isa, na kaɗa, na aje masa ba tare da na dube shi ba. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya gutsuro tuwo ya ɗebo, yauƙin ya biyo shi har gemu bai tsinke ba. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwano. Na ce to yau dai Yaya ya ci jikokinsa.

Ya ce, "Biyu na, kuma an sato su, alhakin na wuyanki." Ya share ido da hannun riga, wai barkono ne. "Amma kin rage kanwa. Inna na ƙara kaɗan."

Da aka saki gari, ruwa ya riga ya sauka. Kabiru ya cire kwaɗo da kansa, ya wanke mota, ya ce Kawu bisimilla, Rawayya. Mutumin da ya yi wata biyu yana cewa an ɗaure shi, ya gyara zama a kan tabarma ya ce ba inda za shi, guro bai bushe ba. 'Ya'yansa suka zo da babur, ya kora su, ya ce su je su yi noman fari, in sun ɓata layi zai gani. Kabiru ya ce a ɗauki fantekar a sa a mota mana. Ni na ce fantekata ba ta zuwa ƙauye. Haka ya ƙara mana kwana arba'in, ƙofa a buɗe, ko zaure bai leƙa ba.

Ranar da kwanson ya bushe ya fara tsagewa, ya murje a faifai, ya kasa biyu daidai. Rabi ya zuba a hula. Rabin ya rasa abin ƙullewa, sai ya ɗaga tabarma ya jawo takunkumin nan na biyar, ya zuba a ciki, ya naɗe, ya ɗaure da igiyarsa ya miƙo mini.

Ya ce, "Ki ce ma Kabiru na yi amfani da shi."

Kaka biyu ya ƙara gani. Ya rasu a Rawayya bayan an gama ɗaurin gero, kwana uku ya yi a kwance, da hularsa a kai. Bayan addu'ar bakwai 'ya'yansa suka kawo mini ita, ba wanda ya yarda ya wanke. Ban wanke ba ni ma.

In kun shigo gidan nan yanzu, ku dubi gefen katanga ta gabas. Kabiru da hannunsa ya sa aka fasa simintin, taku goma. Duk wadda ta zo gaisuwa sai na ƙulla mata ƙwaya bakwai a bakin zane, har guron ya koma 'Yankuzo inda ya fito. Jikanyar Kyalla na turke da takunkuminta, ni kuma nan nake alwala.

Ya Allah, bawanka Bawa bai taɓa yada abin da zai tsira ba, kai ma kada ka yada shi. Ka sanyaya masa ƙasar da yake ciki, ka haɗa shi da Inna a inda ruwa ba ya yankewa, mu kuma ka kyautata namu zuwan. Amin.