Ambulan ɗina a tashar Argungu

Jama'a, yau ɓarawo ya fizge min ambulan, amma ba shi ya cuce ni ba!

Kun san da difloma zan shiga jami'a, aji biyu kai tsaye, ba sai na maimaita kwasa-kwasan da na ci ba. Ɗazu na karɓo sakamakona a Birnin Kebbi, an liƙe ambulan an buga hatimi. Ma'aikacin da ya ba ni ya ce, "Kai da kanka kar ka buɗe. In hatimin nan ya yage, jami'a ba ta karɓa." Kuma gobe ake rufe karɓa.

Ina sauka mota a tashar Argungu, wani ya wafce ambulan ɗin, ya zata kuɗi ne. Na kwarma ihu! 'Yan kabu-kabu suka tare shi, ɗaya ya sa mishi ƙafa, ya kifa kan buhunan albasa. Duka ta ko'ina! Mari, naushi, har da icce. Ni ma na kai mishi biyu. Bakinshi ya fashe, jini har riga, shina ta "Ku yi min rai!" Da ƙyar 'yan sanda suka janye shi.

Ambulan na ƙasa, lafiya lau. Wani dattijo mai kifi ya riga ni ɗauka.

Ya ce, "Ɗana, bari mu diba ko ya zare wani abu."

Na ce, "Baba, tsaya!"

Kyaat! Ya yage shi. Ya leƙa ya ce, "Alhamdulillahi, takardarka na nan."

Mutane suka yi ta sa mishi albarka. Har aka ce in gode mishi. Wallahi sai da na gode.