Shekarar da Kalilu Ya Ciyar da Gida Yana Kwance

Kalilu ɗan wani ƙauye ne a kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni, irin ƙauyen da mota ba ta tsayawa sai in direba ya ga dama. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona, da awaki, da uwa mai suna Saude, da kuma ƙanen uwar, Kawu Atiku, wanda ya zo zaman makoki bai koma ba. Yau Kalilu dattijo ne mai sayen awaki a kasuwannin yankin. Amma an yi shekarar da abincin gidansu gaba ɗaya ya dogara a kan kada ya taka ƙasa.

Shekarar farin nan ce ta tamanin da huɗu. Gero ya tsiro ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Samari duk suka tafi cin rani, Kalilu ya tsaya saboda awaki. Da ciyawa ta ƙare sai aka koma wa gawo, wanda shi kaɗai yake da ganye da rani. Wata safiya ya hau da gatari yana sare musu reshe, sai wanda ya taka ya riga wanda yake sara karyewa. Ya faɗo a kan kwatangwalo.

Mai ɗorin garin ya zo ya lalluba, ya ce karayar tana can ciki inda kara ba ya kamawa. Aka sa Kalilu a bayan motar albasa zuwa asibiti a Sakkwato. Can aka tsaga wurin, aka haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi, aka ɗinke. Ranar sallama likita ya ba shi sanduna biyu na dogarawa, ya kuma nanata masa magana ɗaya: ya riƙa tashi yana takawa kullum, kaɗan-kaɗan. In ya kwanta ya miƙe, gaɓar za ta ƙage, kuma ba mai iya sake buɗe ta. Kawu Atiku yana tsaye a wurin yana gyaɗa kai.

A gida aka yi masa shimfiɗa a zaure, 'yan dubiya suka fara zuwa. A ƙasar nan ba a zuwa dubiya hannu rabbana, ko da gidan mutum ba a hura wuta ba. Wannan ta kawo ɗan gero a ƙulle a bakin zane, wancan ƙwan zabi, wani garin rogo, Labbo makiyayi ya aiko da nonon da saniyarsa ta yi ƙoƙarin bayarwa. Da labari ya kai kasuwar Bafarawa cewa akwai mutum mai ƙarfe a cikin jiki, har waɗanda ba su san Kalilu ba suka tuna akwai zumunci tsakanin kakanninsu. Wani tsoho ya nemi izini ya kara kunne a ƙugunsa. Wani ya ciro maganaɗisu daga mataccen rediyo ya goga, bai kama ba, ya tafi yana cewa ƙarfen Turawa ne shi ya sa.

Tukunyar Inna Saude, wadda ta saba hutawa da rana, ta koma tafasa safe da yamma. Kawu Atiku ne ya fara gane daga ina arzikin yake, sai ya ɗauki ragamar aikin. Ya kafa rumfa a ƙofar zaure don baƙi, da ya rasa itacen tokarawa ya tokare ta da sandunan asibiti.

"In an ce maka ya jiki, mi za ka ce?" ya tambayi Kalilu.

"Da sauƙi."

"Ba hakanan ba. Wanga 'da sauƙi' naka na mai shirin kokowa na. Ja shi a hankali, ka lumshe ido."

"Kawu, likita ya ce in riƙa takawa. Kana wurin."

"Likita shina da hatsi gidanai. Mutum ya taso tun daga Bafarawa cikin rana da ɗan abin hannunai, ya ishe ka tsaye awa soja? Al'ada ba ta yarda da wanga cin mutunci ba."

Kalilu ya dubi uwarsa. Ita dai abin da ta sani shi ne mai karaya kwanciya yake yi, haka ta taso ta gani. Ya kuma lura ƙasusuwan wuyanta sun fara ɓuya. Sai ya lumshe ido.

Amma kowace safiya in ya gwada jawo gwiwarsa zuwa ƙirji, sai ya ji ta tsaya a inda ba ta tsaya jiya ba. Ƙafar ta fara zama kamar ta aro. Don haka da tsakar rana, lokacin da baƙi suka ɗauke kuma Kawu yana ƙailula, sai ya ja jiki zuwa bayan rumbu. Can akwai sungumin shuka mai doguwar ƙota, wanda ba shi da aiki tunda ba ruwa. Ya dogara shi, ɗaya hannun a jikin rumbun, yana kewayawa yana cizon leɓe. Da ya ji sallama sai ya koma ya kwanta ya zama marar lafiya. Takun bai isa ba, shi ma ya sani.

A haka Gwaggo Kande, yayar mahaifinsa, ta same shi. Daga Tozai ta taso a ƙasa, rana ta yi mata a hanya, ta shigo ta ɓarakar da awaki suka ci a darni. Ta tsaya tana kallonsa daga sama har ƙasa.

"Kai ɗan nema. Ni da nit taho duba marar lahiya, in ishe shi shina shuka bayan rumbu? Koma ka kwanta in gaishe ka."

Ya koma ya kwanta. Ta zauna ta yi gaisuwa cikakkiya, ta ce ya jiki, ya ce da sauƙi, ta ajiye ƙullin kuka. Sannan ta tambaye shi dalilin wannan ɓoyo, ya gaya mata duka, har maganar tukunya. Ta jira sai da aka yi la'asar, rumfa ta cika da dattawa.

"Atiku," ta ce daga ƙofar zaure, "yaron ga na gan shi tsaye da idona. Ku manya, wanda yat tashi daga ciwo mi ya rage mai?"

"Ban gajiya," in ji wani dattijo.

"To. Duk gidan da anka taho duba shi, sai ya tahi da ƙahwa tai ya yi godiya. Ko al'ada ta sake, Atiku?"

Da al'ada Kawu ya kwantar da Kalilu, ba shi da wata sandar da zai kore ta da ita.

"Za ni hwara gobe," in ji Kalilu daga kwance, da murya mai ƙarfin da ta ba baƙi mamaki.

Washegari ya zare sandunansa, rumfa ta zube. Ya fara da maƙwabta. Sai ga wata al'adar ta taso: baƙon da ya zo har gida ba a barinsa ya tafi bai jiƙa maƙoshi ba. Waɗanda suka kai masa gero jiya, yau su ne suke dama masa fura. Ba a daɗe ba mutanen gari suka san ƙarar sandunansa. Akwai gidan da ya yi sallama, muryar mai gida ta amsa daga ɗaki cewa mai gida ba ya nan. Kalilu ya yi godiyarsa ga bango ya wuce, don shi takun yake so.

Gida kuwa ya ji jiki. Dubiya ta tsaya cak, aka koma kwaɗon tafasa da tuwon dusa. Abin da aka ba Kalilu mai shiga aljihu, uwarsa yake kawo wa. Kawu Atiku ya ga shimfiɗar zaure tana zaman banza, sai ya kwanta a kai yana nishin ciwon baya. Wasu suka leƙo, suka tambaya ko shi ma akwai ƙarfe, aka ce babu, suka yi masa sannu daga tsaye. Kafin wata ya mutu ya naɗe tabarmarsa ya bi samari cin rani.

Daga unguwa Kalilu ya koma ƙauyukan kusa, daga sanda biyu ya koma ɗaya. Tozai ya bari a ƙarshe saboda nisa. Ya isa da hantsi, jiƙe da gumi, ya tsaya a gaban Gwaggo Kande ya fara gaisuwa.

"Tsaye za ka gaishe ni? Ni sa'arka ta?"

Ya jingine sandar a bango. Tun faɗuwarsa bai tsuguna ba. Ya sauka a hankali, haƙora a cije, gaɓar tana ja tana saki, har ɗuwawunsa ya taɓa dunduniya. Gwaggo ta ja gaisuwar, ta tambayi Saude, ta tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu.

"Tashi kuma in gani."

Ya tashi ba tare da ya dafa komai ba.

"To, hura dai babu," ta ce, tana miƙa masa moɗar ruwa. "Sha ka kama hanya tun rana ba ta yi ba."