Daeng Nompo da Korayen Wayoyi Arba'in

A shekarar 2011 aka ƙara wa masana'antar ƙanƙara ta garinmu, a gaɓar tekun Sulawesi, ƙarfin wutar lantarki. Ƙarin ya zo da sharaɗi: duk inda kebul ya shiga akwatin ƙarfe, wajibi ne a ɗaure mahaɗin da wayar tagulla mai koren bawo, a kai ta ƙasa. Idan wuta ta ɓalle, sai ta bi wayar maimakon jikin mutum. Ma'aikatan wurin kuwa a cikin ruwa suke yini, ƙafa ba takalmi, cikinsu har da Sanneng, matar mai gyaran wutar masana'antar, Daeng Nompo.

Na koyar da Nompo a aji huɗu. Rubutunsa bai taɓa yin kyau ba, amma ba ya barin aiki rabi. Wayoyi arba'in ya sa, yana kankare fenti har ƙarfe ya yi haske kafin ya ɗaure kowace.

Jami'in bincike ya zo, ya ƙirga wayoyin, ya ci gasasshen kifi, ya sa hannu. Motarsa ba ta gama fita ƙofa ba, mai masana'antar, Haji Bundu, ya ce:

"Daeng, kwance su. Jibi za a duba injin casar shinkafa na surukina, can za a kai su."

"Haba Haji! Kujerun biki ne da za a ba da aro?"

"Ji mini shehin waya! An duba, an wuce. Wutar za ta san an cire ne?"

"Ita ce ma za ta fara sani. A nan matata take tsayawa."

"To, saya mata takalmin roba."

Nompo ya ɗauko guduma, ya bi notunan da suka ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya daddake su, ta yadda babu sifanar da za ta kwance su. Haji ya sa aka datse wayoyin. Suka yi gajarta, ba su amfani surukin da komai ba. A ranar aka sallami Nompo, Sanneng ta bi shi.

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne hukuncin dattawan gari, waɗanda 'ya'yansu ke tsayawa a ruwan nan: wai Nompo ba shi da ladabi.

Yau Nompo fanka yake gyarawa a kasuwar kifi. Takardar shaidar bincike tana rataye a ofishin Haji cikin gilashi. Guntayen wayoyin suna nan jikin akwatunan, ma'aikata suna rataya tawul a kansu.