Jan Takalmin Baba Kafaran

Wata Talata ce a ƙarshen watan Mayu, shekarar da nake aji na biyar a lakwal, wato makarantar boko, ina da shekara goma sha ɗaya. Ina durƙushe gaban tulin takalman bosho, wato gwanjo, a kasuwar Gaya ta bakin iyaka, kuɗin agwagwata ƙulle a bakin zane, gumi yana bin bayana. Da safen nan Sanda mai bosho ya kwance sabuwar dila da ta zo daga Kwatano, kaya suka yi masa yawa har suka malala daga tabarmarsa zuwa bakin rumfar Garba mai gyaran takalmi. Na daɗe ina tono kamar kaza a juji, ba abin da nake cirowa sai takalman ƙwallo da na matan Turawa masu tsini. Har na miƙe zan tafi, sai na hango su can gefe, a tsaye, baƙaƙe, dogayen wuya, kowane da maɗauri biyu na ƙarfe a sama.

Abin da ya kai ni kasuwa shi ne wasan kwaikwayon rufe lakwal. Malaminmu Mushe Sumaila ya shirya labarin wani jarumi mai tashi sama, irin waɗanda muke leƙe ta hujin zana a gidan bidiyo, sai dai namu jarumin da Sarkin Sauro yake yaƙi. Mu biyu muka haddace maganganunsa, ni da Idi ɗan gidan mai kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Samarin aji suka yi ta dariya wai ina aka taɓa ganin mace ta tashi sama, ni kuwa tun ina ƙarama idan aka ce ba zan iya abu ba, to an gama ɗaure ni da shi. Mayafin baya ba wuya, tsohon gidan sauro ne aka rina ja. Abin rufe ido kuma daga robar tayar keke muka yanka. Takalmi ne ya gagara, sai Mushe ya yanke hukunci: wanda ya fara kawo takalmin soja na gaske, shi ne jarumi.

Mushe mutum ne da ko kunu zai aike ka saye sai ya yi maka darasi. Ya zana takalmin a allo, ya ce sunansa ranjas, kuma tsohon yayi yake so. Fatar ta zama mai ƙurji-ƙurji, mai nauyi a hannu. Tafin ɗinkakke ne da zare, ban da wanda aka manna da gam. A cikin wuya akwai lamba da aka buga da ƙarfe, a sama kuma maɗauri biyu. "Idan kun murɗa shi ya murɗu kamar ƙosai, ku aje musu abinsu," in ji shi. Na kwafe zanen a bayan kayena, littafin rubutuna na aji. Kwana huɗu ina korar tsuntsaye a gonar shinkafarmu ta fadama, ina kaɗa gwangwani ina karanta alamomin da ƙarfi, kuma a rana ta biyar na kai agwagwar da kakata ta ba ni kasuwa ba tare da na gaya wa kowa ba.

Na ɗaga takalman nan na bi su alama bayan alama, duka suka cika. Na murɗa, ko gezau. Amma na ga wasu abubuwa biyu da ba sa cikin zanen Mushe, kuma yau da girmana ba zan ɓoye su ba. A tsagin tafin akwai jar laka irin ta gangaren kogi, wadda nake wankewa daga ƙafata kullum, kuma a ƙafar hagu akwai sabon ɗinki fari tas da ba a gama ba. Kayan da suka ƙetaro teku ba sa zuwa da lakar Gaya. Na san haka sarai, na kalli rumfar Garba na ga babu kowa, na kawar da kai. Sanda ya juya su sau ɗaya, ya ce shi bai ma san da su a dilar ba, muka yi ciniki a tsaitsaye. Na rungume su na bi ta bayan masu muruci da gudu, don kada Idi ya gan ni.

Da na isa gida la'asar ta yi sanyi. Inna tana hura wutar tuwo, Gwaggo Mero ƙanwar babana tana tankaɗe, yara suna ƴar gala-gala a gindin mangwaro. Na zauna kan turmi ina ta iyayi, na zura ƙafar dama ta shige har tana iyo. Ta hagu kuwa ta tsaya a rabi. Na sa hannu na taɓa abu mai tauri, mai santsi, na yi ta ja har ya fito. Rabin ƙafar mutum ce. Yatsu biyar cif, kowane da farcensa, baƙa wuluk tana ƙyalli. Na yi wata irin ƙara na wurgar da ita, ta gangara ta tsaya gaban Gwaggo, yatsun suna kallon sama.

Sai da hankalinmu ya ɗan dawo muka gane itace ce aka sassaƙa, amma gane hakan bai kwantar wa kowa da hankali ba. Mu mutanen bakin iyaka mun tashi da labarin tsafin ƙetaren kogi, kuma ga abu ya fito daga kayan Kwatano. Maƙwabta suka cika gida, kowa yana salati daga nesa. "Wannan ba banza ba, an sa shi ne don wanda ya taka ya shanye," in ji Gwaggo, "ku ƙone shi tun bai kwana cikin gida ba!" Inna ta kama ƙafata tana dubawa tana tofa addu'a. Nan ne ya kamata in buɗe baki in faɗi maganar laka da sabon ɗinki, amma na san idan na faɗa za a mayar da takalman kasuwa, Idi ya zama jarumi. Inna ta sa muciya da murfin tukunya ta ɗauki abin ta cusa a murhu. Itacen ya daɗe yana ci, a kansa tuwon ranar ya nuna, kuma ba wanda ya ci da daɗi.

Washegari aka yi wa takalman hayaƙin turare, ni kuma na roƙi ragowar jan fenti wurin mai walda na unguwarmu na shafe su har maɗauran. Mushe ya juya su a gaban aji, ya karanta lambar, ya ce waɗannan sun girmi ubana. Ya ba ni wasan. Ranar ko ƙasa ba na gani.

Ranar Alhamis da hantsi, babu lakwal, ina wanke-wanke, aka yi sallama a ƙofar gida. Garba ne da Sanda, fuskokinsu kamar an aiko musu da rasuwa, bayansu kuma amalanken jaki. A kan amalanken Baba Kafaran ne zaune. Na san shi kamar yadda duk yaran gari suka san shi: dogon tsoho, tsohon soja, mai gadin wani magazan, wato sito, na bosho, wanda kullum da safe yake hawowa daga unguwar bakin kogi da tafiyarsa ta ƙasaita, ya koma da yamma. Wandonsa kullum yana share ƙasa, kuma wane yaro ne ke duban ƙafar tsoho? Ranar na duba. Ƙafarsa ta hagu a tsakiya ta ƙare, dunƙule, fatar wurin ta yi fari-fari. Nakiya ce ta tashi da motarsu can arewa tun yana saurayi. Ya ba Garba takalman ne ya ɗinke, ya bar itacen a ciki don ɗinkin ya bi siffarsa, Garba kuma ya ƙetara kogi zuwa Malanbil sayen zare ya bar su a bakin rumfa.

Na fito da takalman, jajaye kamar tattasai. Garba ya dafe kai. Tsohon ya karɓa, ya zura hannu cikin na hagu, ya daɗe yana lalube. "Ɗiyata, akwai wani ɗan icce ciki. Ina kika aje shi?" Na juya na kalli murhu. Inna ta durƙusa a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Ya bi idona ya kalli tokar, jakin kuma ya gaji da tsayuwa ya fara tono. Can ya ce wani abokinsa ɗan Dandi, mai sassaƙa jirgin ruwa, shi ya yi masa, wata uku yana gogewa yana gwadawa kafin ya zauna daidai. Yatsun ma tsokana ce, wai don kada a ce sojan nasu ba shi da yatsu. Mutumin ya daɗe da rasuwa.

Babana ya dawo daga gona ya ɗauko igiyar jaki zai dake ni, Baba Kafaran ya riƙe hannunsa. Ya tambayi abin da ya sa na yi musu fenti, na faɗa cikin kuka, har da maganar lakar da na gani. Ya gyaɗa kai. "To ki yi wasanki da su. Ni yanzu mi zan yi da su?" Da ya bari an dake ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Asabar na yi wasan. Na cusa tsummoki a takalman, na yi tsalle daga kan tebur, jan mayafi yana tashi a bayana, na kashe Sarkin Sauro a gaban iyaye da manyan gari. A ƙarshen taro, bayan kujeru, na hango amalanke a inuwar dogon yaro, tsohon yana zaune ya rufe ƙafarsa da bargo cikin wannan zafi, yana tafa mini. Maganganun ƙarshe da na yi wata guda ina haddacewa suka ɓace, Mushe ne ya riƙa raɗa mini su daga bayan labule.

Bayan wasan na mayar wa Baba Kafaran takalmansa, babana kuma ya kai shi wurin masassaƙa uku, har da wani a garin Tanda. Duk abin da suka sassaƙa sai ya ci masa fata ya zama gyambo. Kafin lokacin kaka mai magazan ya sa wani gadi, tun da mai gadi sai da zagaye. Baba Kafaran ya koma zama a ƙofar gidansa, jan takalman a jingine kusa da shi yana goge su duk safiya. Kowace Juma'a Inna tana aike ni da kwanon abinci, ya tambaye ni karatu, ya sa mini albarka. Damina biyu ya yi a haka, sannan Allah ya ɗauki abinsa.

Yanzu a kasuwar Gaya kayan jarumai a leda suke zuwa, riga da mayafi da takalmin roba, yaro ya nuna a waya a saya masa, ya sa kwana uku ya jefar. Ba wanda zai sayar da agwagwa saboda su, ba kuma wanda zai tambayi na wa ne. Idan na je gida nakan bi hanyar da ke hawowa daga kogi da safe, in tsaya ina kallon tsofaffi suna wucewa, ina jin kewar wata tafiya da ni na tsayar da ita. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma shi ne abin da har yau ban warke daga gare shi ba.