Muciyata da Injin Kwashe Ƙanƙara

Duk wadda ta shigo kicin ɗina sai ta tambaye ni me ya ci bakin muciyata. Nakan ce inji ne, kuma yatsuna ya yi niyya.

Muna zaune a ƙasar waje lokacin, a unguwar Sentul, maigidana yana karatun digirinsa na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Aikin da malaminsa ya ba shi wai gyaran wani inji mai tuƙa kansa, wanda ke kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida a ƙasashen sanyi. Ranar da ya faɗa min sai da na yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin Kano, a garin da gumi ke bin bayanka tun da asuba, shi ne gwanin ƙanƙara! Daga ni har shi ba wanda ya taɓa ganin tana sauka.

Amma fa abin ya tsaya min a rai. Yaya yake gani? Wa ke gaya masa ya juya? Na yi ta naci har wata Asabar ya aro shi ya kawo wurin ajiye motoci na ƙasan benenmu. Ya sayo buhunan gurzajjiyar ƙanƙara a kedai, wato shagon da masu sayar da kayan sanyi ke saye, muka baza a ƙasa.

Injin bai fi girman baro ba. A bakinsa akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe. Maigidan ya taɓa wayarsa, abin ya tashi da kansa, yana haɗiyar ƙanƙara yana feso ta gefe. Na saki baki ina bin sa a baya. Can sai ya yi wani gurnani ya tsaya cak. Zafin garin ya narkar da ƙanƙarar ta dunƙule, wani curi ya maƙale tsakanin ƙarfen da bango.

Ya kashe shi ta waya, ya laluba jakarsa, ya dafe kai. Ya baro sandar da suke zungura da ita a makaranta.

"Hajiya, taimaka ki ɗauko min muciyarki."

"Wace muciyar? Wadda Inna ta sa min a akwati da hannunta? Ka san inda ake sayar da muciya a garin nan?"

Na dai hau na ɗauko ina mita. Da na sauko yana durƙushe a bayan injin yana kokawa da murfin batir. Sai na duba curin nan, ga shi a kusa, ina ganinsa. A unguwarmu in markaɗe ya toshe, kashe inji ake yi a sa hannu a kwashe, haka na taso ina gani. Na maƙale muciyar a hammata, na naɗe hannun riga.

"Ke! Kar ki soma!"

Tunda muka yi aure bai taɓa daka min tsawa haka ba. Raina ya ɓaci sosai.

"Ba a kashe yake ba?"

"Barci yake, bai mutu ba. In batir na jikinsa yana iya tashi da kansa." Ya zare batir ɗin, ya ajiye can nesa. "Ko yanzu ma ƙarfen a ɗaure yake, ƙarfin da ya yi yunƙuri da shi yana nan. Ba ni."

Ban yarda ba, gaskiya. Inji ba wuta, ina zai samo ƙarfi? Don in gani da idona na ƙi ba shi, na ce ni zan zungura. Ya tsayar da ni a gefe, ya sa na riƙe can ƙarshen mariƙin. Na tura, na ƙara turawa. Curin ya motsa.

Ƙau! Ƙarfen ya zabura ya yi ɗan juyi, muciyar ta fizge daga hannuna. Da muka ciro ta, bakinta ya tafi, gutsuren icen na kwance cikin ƙanƙara. Na dubi wurin, daidai inda na so in zura hannu. Na zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti.

Da yamma ya goge wa muciyar baki da takardar yashi. Ta rage tsawo, in ina tuƙa tuwo tururi na ƙona ni. Da muka je gida hutu Inna ta saya min sabuwa, tana can ƙasan akwati. Waccan mai guntun bakin nake ɗauka, da yatsuna biyar.