Kalmar Baturen Rijiya

A lokacin, kalmar Ingilishi ɗaya tak na sani a duniya, ita ce "wel", kuma mijina ne ya kawo mini ita gida. Bayan babban fari ne, yana cikin masu ginar rijiya da wani Bature ya ɗauka aiki a dajin Belbeji. Baturen nan ba Hausa, ba Faransanci, sai nuni da hannu. Mijina ya ce in ya nuna rami ya ce "wel", to rijiya yake nufi. Na riƙe ta gam, har ina yi wa mata yanga da ita a bakin turmi.

Wata ranar kasuwa wani makiyayi ya iso da labarin rijiyar ta rufta, an rasa mutum ɗaya. Wane ne? Bai sani ba. Mu biyu ne a ƙauyenmu mazanmu ke can, ni da maƙwabciyata da nake kira Yaya. Muka zauna gindin aduwa a bakin hanya, ba mai iya kallon 'yar'uwarta. Kowace na roƙon Allah, kuma kowace ta san abin da roƙonta ke nufi ga ɗayar.

Da la'asar motar Baturen ta iso. Direban ya wuce gidan maigari, Baturen ya nufo mu, rigarsa duk laka. Ya san ni, don na taɓa kai musu fura. Na miƙe na ambaci sunan mijina. Ya gyaɗa kai da ƙarfi ya ce, "Wel! Wel!"

Rijiya ke nan. Na zube ina kururuwa. Direban, wani mutumin Daura mai jin Ingilishi, ya dawo a guje.

"Ke baiwar Allah, tashi! Cewa ya yi mijinki lafiya lau yake. Yana can yana tsaron kayan aiki."

"Ba rijiya ba ce wel?"

"Rijiya ce, lafiya ce kuma."

Wane irin harshe ne wannan, mai haɗa lafiya da rami a kalma ɗaya? Haushi da daɗi suka haɗe mini, ina dariya ina share hawaye.

Sai Yaya ta matso, ta ambaci sunan nata mijin. Baturen ya cire hularsa, ya dubi ƙasa, ya ja kalmar a hankali: "Wel..."

Na rungume ta. "Yaya, kin ji ko! Naki ma lafiya!"

Fuskarta ta washe. Direban ya raɓo kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Wannan ba waccan ba ce. Irin 'to' ɗinmu ce, ta wanda ya rasa ta inda zai fara."

Yaya na riƙe da hannuna, murmushin bai bar fuskarta ba.

"Me direban ya ce miki?" in ji ta.